Hannun Baba Tanko a Kan Sandar Giya

To, ku tsaya. Sale, aje butar shayin nan ka saurara, tunda kai ne ka ce gyaran buwat ba wani abu ba ne, wai kwance ƙusa ne da ɗaure ƙusa. A fada, wurin hirarmu, ka faɗa, da kunnena na ji, sauran suna ta dariya. Yau zan ba ku labarin buwat ɗin farko da na sauke da hannuna, in kun gama ji sai ku sake faɗi.

Buwat, ga wanda bai sani ba, ita ce akwatin giya, wadda mutanen Katsina ke ce ma giyabos. Tana ƙarƙashin mota, maƙale da bayan inji. Sandar da kuke ganin direba yana turawa gaba da baya, cikinta take sauka. Inji ƙarfi kawai gare shi, ba shi da hankali. Buwat ce ke raba ƙarfin nan, ta ce ga na hawan tudu, ga na gudu bisa gudro, wato kwalta. Wallahi in kun ga cikinta sai kun so ta. Haƙora ne jere bisa haƙora, kowane ya san abokinsa.

Ni ba ni da ubangida, kun sani. Ban yi zaman garaji ba ko na wuni. Da injin niƙan ƙauyenmu na fara, ranar da ya tsaya mata sunka koma ga turmi. Daga nan babura. Sauran kuwa a waya na koya, bisa tudun bayan gari inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, ina kallon wasu mutane suna kwance buwat suna magana da yaren da ban ji ko kalma ɗaya. Hannunsu nake kallo. Abin da ke ba ni haushi da su, daɓen garajinsu ko tuwo ka zubar sai ka ɗauka ka ci. Babu wanda ya taɓa nuna mini yadda ake wannan aiki cikin rairayi, iska na kaɗawa, awaki na leƙe.

Motar da nake magana a kai kun san ta, tsohuwar kat-kat, mota mai jan ƙafa huɗu, ta Kawu Idi, ƙanen innata. Gwaggo muke ce mata don ta girme ni nesa. Ita kaɗai ce ke iya ratsa rairayin da ke tsakanin ƙauyenmu da Cadawa. Ran kasuwa ita ke kwasar buhunan wake, da raguna, da matan rugga da ƙwaryar nononsu. In wani ya kwanta rashin lafiya, ita ce. In ba ita ba sai amalanke, ka isa likita rana ta faɗi.

Ciwon Gwaggo ɗaya ne, kuma ya daɗe: giya ta uku ba ta zama. Kawu zai sa ta, a ɗan yi tafiya, sai ka ji fat, sanda ta fito da kanta, inji ya yi ta kururuwa a banza. Cikin rairayi kuwa ta uku ce rai. In ta fita, mota ta nutse, kowa ya sauko turi. To maimakon a gyara, me Kawu ya yi? Ya samo mai riƙe sanda. Baba Tanko, abokin marigayi kakana, tsoho ne da ƙarfin noma ya ƙare mishi amma hannunsa na nan kamar ƙarfe. Gidan gaba na Gwaggo mutum biyu yake ɗauka bayan direba, ɗaya a tsakiya, ɗaya jikin ƙofa. Baba Tanko ke zama tsakiya. Da Kawu ya sa ta uku sai Baba ya dafe sandar ya danna ta gaba, haka har Cadawa. Ba ya biyan kuɗin mota, riƙon nan shi ne ladansa. Tun ina lakol, ɗan makaranta, haka nake ganinsu.

Sai shekarar da anka rufe iyaka ta zo. Ba sai na gaya muku yadda ta yi ba. Kayan gyara da ke shigowa daga Katsina sunka ɗauke ƙaf. Makanikai a Maraɗi sai cire na wata mota suke su sa ma wata. A shekarar ne ta uku ta ƙi shiga gaba ɗaya, ko Baba ya haɗa da gwiwa. Kawu ya zagaya Agye, ya zagaya Maraɗi, babu buwat irin tata ko tsohuwa. Sai ga masu yanka mota su sayar da ƙarfe sun ji labari, sun zo har ƙofar gida suna ƙwanƙwasa jikinta kamar masu tayin sa.

Na ce, "Kawu, ka bar ni in buɗe ta."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai? Ɗan waya?"

"Ai yanka ta za a yi. Me za ta rasa?"

Ya ce, "Habibu, sau ɗaya. Ka buɗe sau ɗaya. In ta sake lalacewa ba ni sake wahalar da kaina, masu yanka zan kira. Na gaji."

Ku riƙe wannan maganar, don a kanta komai ya rataya.

Saukewa kaɗai, Sale, da kai ne da ka gudu. Ba mu da ramin garaji, sai da na haƙa rami ƙarƙashin gawon gidan Kawu, munka tura Gwaggo bisansa. Ka cire batir tukuna. Ka kwance kardan na gaba da na baya, wato sandunan ƙarfen da ke kai juyi ga ƙafafu, kuma ka yi musu alama da ƙusa don su koma yadda sunka fito, in ba haka ba mota ta riƙa rawa. Ka cire sandunan giya biyu na gidan gaba, babba da ƙarama. Sannan ƙusoshin da sunka haɗa buwat da inji. Na ƙasa ba su da gardama. Na sama biyu kuwa, wanda ya ƙera motar nan Allah ya isa tsakanina da shi. Ba ka ganinsu, sai lalube, kile, wato sifana, ba ya samun wurin juyawa. Sai da na sa maƙeri ya lanƙwasa mini kile guda kamar lauje kafin ta kama. Fatar bayan hannuna rabi a can ta zauna.

Nauyinta kuma ya fi buhun gero nesa, don kat-kat buwat ɗinta goye take da ƙaramar buwat mai raba ƙarfi ga ƙafafun gaba. A waya da wani kirik, jak mai faɗi, suke tare ta. Ni ina zan samu irinsa? Itacen rumfa na gitta ta tagogi biyu, na zuro igiyar rijiya ta ramin sanda, na ɗaure ta. Kawu na sama yana sassautawa, ni ina cikin rami ina ja da baya. Ina ce mishi a hankali, yana ce mini ai a hankali yake. Da ta rabu da inji ta yi lilo, kaɗan ya rage ta raba ni da haƙoran gaba.

Man da ya fito daga cikinta ban taɓa ganin irinsa ba. Baƙi, mai kauri kamar kunu, da wari. Na ce, "Kawu, wane mai kake zuba mata?"

"Mai dai."

"Wane iri?"

"Wanda anka juye daga inji. Zubar da shi zan yi? In ta yi ƙara in ƙara mata giris."

Na kama kaina. Jama'a, man buwat daban, man inji daban! Kar in ƙara jin wani ya ce mai mai ne.

Buɗewa kuma, babban abokin gaba rairayi ne. Ƙwaya ɗaya ta shiga rulma, zoben ƙwallayen da haƙora ke juyawa a kai, ta gama da shi. Tabarmar sallar baƙi na shimfiɗa, na ari manyan farantan Inna na jere kaya a ciki bi da bi, wanda ya fara fita a hagu, na ƙarshe a dama. Har yau ba ta yafe mini farantan nan ba, ta ce tuwo ƙamshin gazuwal yake. Akwai wani ɗan ƙwallon ƙarfe kamar ƙwayar wake, da ɗan rasor, wato sifirin, a bayansa, shi ke kulle giya in ta shiga. Mutanen waya ba su ce mini tsalle yake ba. Ina zare sandarsa sai na ji tsit, ya wuce ta gefen kunnena ya faɗa rairayi. Da rariyar tankaɗe na neme shi. Ƙato da ni, durƙushe ina tankaɗe ƙasar tsakar gida, mata na wucewa suna tambaya ko tuwon ƙasa za a yi yau. Na same shi dai.

Sannan na ga ciwon. Akwai wani ƙarfe mai yatsu biyu, furshet ake ce mishi. Shi ke rungume da zoben da ke juyawa, in direba ya tura sanda, shi ke tura zoben ya kama giya. Aikinsa ya tura ya saki. Da giya ta shiga, bai kamata ya ci gaba da gugar zoben ba. To na Gwaggo, yatsun nan sun cinye sun koma kamar bakin wuƙa. Rasor ɗin ƙwallo kuma ya mutu. Rasor na samu a tsohon famfo. Furshet kuwa babu shi ko'ina. Na hau babur na kai shi Cadawa wurin mai walda, na ce ya cika mini yatsun da jan ƙarfe. Ya ce, "Zan cika, amma ka sani wuta ɗaya ƙarfen nan zai ɗauka. In ka maido shi karo na biyu, karyewa zai yi." Na dawo na zauna da zarto, in goga in gwada, in goga in gwada, har ya shiga zoben ba matsi ba sako-sako.

Maidawa ma da nata. Farantin ambiriyaj, wato kuloci, sai ya zauna daidai tsakiya, in ya kauce ko kaɗan bakin buwat ba ya shiga, ko ku goma ne kuna turi. Akwai ƙarfen da ake saita shi da shi, ni ba ni da shi. Ƙotar hauya na fere da wuƙa har ta yi daidai ramin. Ta yi aiki! Wallahi da na ji buwat ta zame ta manne da inji, ƙwal, sai da na yi ihu cikin rami har kaji sunka watse.

Da zumuɗi ya ɗebe ni ban tsaya nan ba. Ƙofar gefen fasinja tun da na san Gwaggo da igiya ake ɗaure ta, makullinta ya mutu. Na kwance shi, na wanke, na miƙe ɗan harshensa, na sa mai. Ƙofa ta koma rufuwa ƙyas, kamar sabuwa. Ba wanda ya sa ni.

Munka zuba man kirki, munka fita gwaji. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Kawu ya ɗauke hannunsa ya ɗora bisa sitiyari yana jiran fat. Shiru. Munka hau tudu, munka gangara, munka shiga rairayi mai zurfi. Tana nan daram. Kawu bai ce sannu ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce, "Ashe wayar nan ba waƙa kaɗai ke cikinta ba."

Na ɗauka an gama. Ina!

Bayan ƴan kasuwanni na ce bari in duba man, haka kawai don ina son ganin aikina. Na kwance ƙusar ƙasa, na tari kaɗan a murfin kwano, na fito da shi rana. Sai ƙyalli. Ƙananan burbushi ja-ja suna walƙiya cikin mai. Jan ƙarfen da ke cikin buwat ɗin nan mai yawa wuri ɗaya yake, yatsun furshet ɗina. Wani abu na cin su.

Na ce ma Kawu ran kasuwa da ni za a. Na hau baya, na tsaya jikin gilashin da ke kallon gidan gaba, tsakanin rago da buhun wake. Mota ta tashi. Kawu ya sa ta uku. Sai na ga hannu ya taso daga tsakiya, ya dafe sandar, ya danna ta gaba da ƙarfinsa duka. Baba Tanko. Fuskarsa a ɗaure, idonsa a kan hanya, kamar shi ke tuƙin. Haka har gudro.

Kun gane? Dannawar nan tana manna furshet jikin zoben da ke juyawa, yana guga ba hutawa. Da can giyar ce ke fita ana riƙe ta. Yanzu giyar lafiya lau, riƙon ne ke kashe ta.

Da munka sauka na ja Kawu gefe. "Kawu, ka gaya ma Baba ya bar taɓa sandar nan. Ba ta bukata."

"Ni? Mutumin da ya tsaya mini wurin ɗaurin aure? Ni in ce mishi ɗauke hannunka?"

"To furshet zai cinye. Kuma mai walda ya ce ba a sake cika shi."

"Kai ne makanike. Kai ka gaya mishi."

Haka nan na je na durƙusa gaban Baba, yana zaune jikin taya yana ɓare goro. Na gaishe shi, na tambayi gajiya, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Baba, ai an gyara giyar nan. Yanzu ko ba a riƙe ba tana zama."

Ya ce, "Na gani, ɗana. Aikinka ya yi kyau. Tun da ka gyara ba ta hita ba ko sau guda."

"To shi ne na ce, da ka huta."

"Ba ta hita ba don ina riƙe da ita."

"A'a Baba, ko ka saki..."

"Kai yaro, kana cikin zane nike riƙe da sandar ga. Ni na san halinta. Lahiya take nunawa, ka sake ta ta kunyata ka tsakiyar rairai." Ya miƙo mini goro. Magana ta ƙare.

Na ce to, tunda baki bai yi ba, bari in yi dabara. Kasuwa ta gaba na shafe sandar da baƙin giris tun daga kai har gindi, sai inda Kawu ke kamawa na bari. Na ce tsoho mai farar riga ba zai taɓa ba. Ya taɓa, ya ɓata hannun riga. Kasuwar da ta biyo sai ga shi da tsumma a aljihu, ya goge sandar tsaf, ya naɗe ta, ya dafe. Har yana ce ma Kawu, "Yaron nan shina da ƙoƙari, amma ƙazami ne."

Na koma gida ina ta faɗa ni kaɗai. Ga mota za ta tafi wurin masu yanka, ga gari zai koma amalanke, duk saboda hannun mutum ɗaya da ba a iya ce ma ɗauke. Inna tana tsince wake tana jina. Ta ce, "Kai dai ƙarfe ka sani. In ya saki sandar, da wane dalili zai shiga motar?"

Na ce, "Ya shiga mana. Kawu zai hana shi ne?"

"Tanko? Ya zauna gidan gaba a kyauta, mutane na kallo? Mutumin da ko furar maƙwabta ba ya sha sai ya kai musu wani abu? Ɗiyarsa na Cadawa, mijinta ya rasu, ga yara. Duk kasuwa sai ya je ya gan su. Ran da ka ce ba a bukatar hannunsa, ran nan zai bar zuwa, kuma ba zai gaya ma kowa dalili ba."

Wannan babu shi a waya. Na zagaya Gwaggo ina tunani, na buɗe ƙofar fasinja na rufe, ƙyas. Na sake buɗewa na rufe, ƙyas. Aikina mai kyau. Sai na tsaya ina kallonta.

Sale, ka taɓa ɓata abin da ka gyara da hannunka? Na ɗauko sukurdireba, na kwance makullin nan da na wanke na miƙe, na sa shi a aljihu. Igiyar da ake ɗaure ƙofar da ita a da, na jefa ta bisa rumfa. Na gaya ma Kawu abin da na yi. Ya dube ni, ya dubi ƙofar tana lilo, ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Ran kasuwa Baba ya zo zai shige tsakiya kamar kullum. Kawu ya ce, "Baba, wata matsala ta taso. Ƙofar nan ta sake lalacewa, ba ta rufuwa sam. In munka hau gudro ta buɗe, wanda ke jikinta sai ƙasa. Ina tsoron in ba yaro ko mace. Hannu mai ƙarfi take so."

Baba ya kama ƙofar, ya ja, ya saki, ta koma ta buɗe. Ya juyo ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, har na fara duban ƙafafuna.

"Giyar hwa?"

Kawu ya ce, "Sai mu gwada ta haka nan. Giya in ta fita turi ne. Ƙofa in ta buɗe rai ne."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce ma matar da za ta zauna jikin ƙofa ta matsa tsakiya, kuma kar ta kuskura ta taɓa sandar, ba aikin kowa da kowa ba ne. Ya hau, ya jawo ƙofa, ya fitar da gwiwar hannu ta taga ya maƙale ta, ɗaya hannun ya kama madafin ciki. Hannu biyu duka sun samu aiki. Ya ce, "Mu tahi."

Daga baya na juye man nan duka na zuba sabo. Na bari anka yi kasuwanni, na sake tara a murfin kwano, na fito rana na karkata shi ta kowane gefe. Babu ƙyalli. Masu yanka sun sake biyowa sau ɗaya, Kawu ya ce su sha ruwa su wuce.

Amma ku ji ladan da na samu. Baba Tanko duk inda ya zauna a kasuwar Cadawa sai ya ba da labarina. Kwanan baya wani mai kat-kat daga wajen Gazawa ya zo nemana, buwat ɗinsa na kuka. Ya same ni ƙarƙashin gawo, ya yi sallama, ya ce, "Kai ne Habibu? Wani tsoho ya ce in zo wurinka. Ya ce in dai giya ce, in ba ka ido rufe." Na fara murmushi. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ya ce kar in bari ka taɓa mini ƙofa."

Makullin na nan cikin akwatin kayana, naɗe a tsumma, lafiyarsa ƙalau.